Kalmomin addinin Buddha da suka taso daga Sanskirit suka shiga Sinanci da Japananci: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa tsakaninmu masu koyon Sinanci da Japananci, musamman idan mutum ya ɗan yi nisa ya fara cin karo da kalmomin da haruffansu ba sa ba da wata ma'ana, ya tambayi malami a ce masa "ai wannan daga Indiya ta zo". Na tattara su wuri guda na amsa. Ni dai abin nan yana burge ni ƙwarai, kalma guda za ka bi sawunta ka tarar ta ratsa hamada da duwatsu da teku, bakuna huɗu ko biyar sun juya ta kafin ta iso inda take yau.

Wai mene ne Sanskirit ɗin nan, kuma me ya kai shi Sin da Japan?

Sanskirit tsohon harshen ilimi da addini ne na Indiya, malaman can sun yi ɗaruruwan shekaru da shi suke rubutu, kuma Hindi da Bengali da Nepali duk danginsa ne na kusa. Shi Buddha, wato Siddhartha Gautama, ya rayu wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a arewacin Indiya da iyakar Nepal ta yau, kuma da harshen gari yake koyarwa, daga baya ne mabiyansa suka adana maganganun cikin Pali da Gandhari da sauransu, sannan Sanskirit ya zo ya mamaye rubutun.

Addinin ya shiga Sin a ƙarni na 1 miladiyya zamanin daular Han, ya biyo fatake ta hanyar siliki, Sinawa ma suna cewa a shekara ta 68 aka gina gidan ibadar Farin Doki a Luoyang. Daga Sin ya wuce Koriya a ƙarni na 4, daga Koriya ya haye Japan a ƙarni na 6. Ku riƙe wannan da kyau don komai a kansa yake: Japan ba da harshen Indiya ta karɓi littattafan ba, fassarar Sinanci ta karɓa, don haka kusan duk kalmar Sanskirit da ke bakin Japanawa sai da ta kwana a Sin tukuna.

Su waye suka yi aikin fassarar?

Na farko-farkon nan yawancinsu ba Sinawa ba ne, ba kuma Indiyawa ba. An Shigao mutumin Parthia ne, yankin Iran ta yau, ya iso Luoyang a 148. Bayansa kaɗan Lokaksema ya zo daga ƙasar Kushan. Amma wanda ya fi barin tambari a harshen shi ne Kumarajiva, ɗan garin Kucha da ke yammacin Sin a yanzu, ubansa Ba'indiye uwarsa 'yar sarauta. An kama shi a yaƙi, ya yi shekara goma sha wani abu a tsare a Liangzhou inda ya ƙware a Sinanci, sai a 401 aka kawo shi Chang'an, garin da ake kira Xi'an yau. Fassarorinsa har gobe su ake karantawa a gidajen ibada na Sin da Japan saboda daɗin kalmominsa.

Kuma aikin ba na mutum ɗaya ba ne a ƙuryar ɗaki. Majalisi ake zama, wani ya karanto nassin Indiya, wani ya juya da baki zuwa Sinanci, wani ya rubuta, wani ya gyara salon, wani ya sake gwadawa da asalin. Duk da haka Kumarajiva bai gamsu ba, an ruwaito ya kwatanta fassara da tauna shinkafa ka ba wani, ɗanɗanon ya tafi har ma ta sa shi amai. Duk wanda ya taɓa fassara waƙa ya san ciwon da yake faɗa.

Sai Xuanzang, Basine ne shi, ya fita wajen 629 ba da izinin sarki ba, ya ratsa hamada har Indiya, ya yi karatu a Nalanda, babbar cibiyar ilimin addinin Buddha a Indiya, ya dawo a 645 da littattafai 657. Shi ne ma ya kawo sunan Yindu da Sinawa ke kiran Indiya da shi yanzu, da can Tianzhu ko Shendu ake cewa. Ƙa'idojinsa na fassara suna can ƙasa a tambayar "me ya sa aka bar wasu kalmomin".

Tunda Sinanci ba shi da baƙaƙe irin a, b, c, ta yaya aka rubuta kalmar waje?

Hanya biyu ce manya. Ta farko aron sauti, a nemo haruffan da furucinsu ya yi kusa da gaɓoɓin kalmar a jera, a yi watsi da ma'anarsu. Nirvana, wato kuɓuta ta ƙarshe daga wahala a addinin Buddha, ta zama 涅槃, niepan a Sinancin yau, nehan a Japananci, alhali harafin farko baƙin laka na rini yake nufi, na biyu kuma faranti, ka ga ba ruwansu da nirvana sai dai sauti. Ta biyu fassarar ma'ana, kamar yadda aka ɗauki 法 fa, wato doka, aka ɗora mata nauyin dharma, koyarwar Buddha. Akwai kuma 'yar ta uku mai haɗa biyun, misali 懺悔 chanhui, tuba, rabin farko sautin kshama ne ta Sanskirit, rabin biyu kalmar Sinanci ce ta nadama.

Dabarar farko ba ta mutu ba, da ita ake rubuta sunayen ƙasashe har yau. Najeriya 尼日利亚 ce, Nijar 尼日尔, kuma harafin 尼 ɗin nan da ya buɗe su biyun shi ne dai aka rubuta "ni" ta ƙarshen bhikshuni da shi, wato mace mai zaman sufanci.

Me ya sa kalmomin suka gajarce haka? Bodhisattva ina, pusa ina?

Bakin Basine ya saba da kalma mai gaɓa ɗaya ko biyu, Sanskirit kuwa kalmominsa dogaye ne kamar jirgin ƙasa. To sai aka riƙa rubuta kalmar cikakkiya a littafi, a baki kuma a datse ta. 菩提薩埵, wato bodhisattva, mai neman wayewa don ya ceci wasu, ta koma 菩薩, pusa, Japanawa su ce bosatsu. Sangha, jama'ar sufaye baki ɗaya, an rubuta ta 僧伽, aka datse ta koma 僧 seng, kuma wajen datsewar har ma'ana ta goce, yanzu sufi ɗaya ake nufi da ita. Kalpa, wani dogon zamani da hankali ba ya ƙirgawa, ta koma 劫 jie. Arhat, wanda ya kai ga nirvana, ta zama 阿羅漢 sannan luohan.

Shakya, sunan dangin Buddha, an rubuta shi 釋迦, sai Dao'an, babban malami da ya rasu a 385, ya kafa al'adar duk wanda ya shiga sufanci ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki 釋 shi kaɗai. Shi ya sa za ku ga sufayen Shaolin sunayensu duk da Shi suke farawa, na Biyetnam kuma da Thich, kamar Thich Nhat Hanh, harafi ɗaya ne baki ne ya bambanta.

Amma fa "Fo" bai yi kama da Buddha ba ko kaɗan, ko masu fassarar kunnensu ne bai ji daidai ba?

Kunnensu ya ji sarai, harshen ne ya sauya bayansu. Wannan ita ce amsar da na fi so a duk jerin nan. Lokacin da aka zaɓi harafin 佛, furucinsa kusa da "but" yake, da b a gaba da t a ƙarshe. Cikin shekaru sama da dubu Sinancin arewa ya mayar da b ɗin f, ya kuma zubar da baƙaƙen ƙarshe p, t, k gaba ɗaya, sai ya rage fo. Maƙwabtan da suka ara tun da wuri su ne suka ajiye tsohon sautin. Japanawa na cewa butsu, Koriyawa bul, 'yan Biyetnam phat, mutanen Hong Kong masu Kantonis fat.

Haka 薩 ta pusa, a da "sat" ce daidai da sattva, ga ta nan a bosatsu. Haka 塔, wato hasumiya, da ake furtawa "ta" yau, a da "tap" ce, Koriyawa har yanzu tap suke cewa. Saboda wannan ne masu binciken tsohon furucin Sinanci suke daraja waɗannan kalmomin aro kamar zinare, tunda furucin Sanskirit sananne ne daki-daki, malaman Indiya sun bayyana shi tun zamanin da, to idan ka ga harafin da aka zaɓa wa wata gaɓa sai ka gane yadda Basinen ƙarni na 3 ko na 7 yake furta shi. Wani Bafaranshe, Stanislas Julien, ya fitar da littafi sukutum a 1861 kan yadda ake warware sunayen Sanskirit da ke cikin littattafan Sinanci.

Duk kai tsaye daga Sanskirit suka zo?

A'a, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure. Tsofaffin aron sun fi dacewa da Gandhari, harshen yankin Peshawar ta Pakistan a yau, da harsunan garuruwan tsakiyar Asiya, don daga can masu fassarar farko suka fito kamar yadda na faɗa a sama. 沙門 shamen, mai gudun duniya, ta fi kusa da shamana ta Gandhari fiye da shramana ta Sanskirit. 塔 ta fi kusa da thupa fiye da stupa ta Sanskirit, ginin nan mai tudu da ake adana kayan tsarki a ciki. 和尚 heshang, wadda Japanawa ke cewa osho, asalinta upadhyaya ce, malami, amma sai da ta lanƙwashe a bakunan tsakiyar Asiya har ba ka gane ta. Ji Xianlin, masanin Sin da ya rasu a 2009, ya kawo hujja tun 1947 cewa shi kansa 佛 ba datse 佛陀 aka yi ba, gajeren siffa ce da ta zo haka daga wani harshen tsakiyar Asiya, doguwar ce ta biyo baya.

Me ya sa aka bar wasu kalmomin da sautinsu, wasu kuma aka fassara?

Da farko an yi ƙoƙarin fassara kusan komai da kalmomin addinin Dao da Sinawa suka sani, nirvana a ce wuwei, wato rashin aikatawa, bodhi, wato wayewa, a ce dao, wato hanya. Ya sa mutane sun karɓi abin da sauƙi, amma ya sa sun ɗauka sabon addinin reshen nasu ne kawai, malamai suka ga idan aka ci gaba haka ma'anar za ta narke. Sai aka riƙa komawa ga sauti a wuraren da ke da hatsari.

Akwai dalilai biyar na barin kalma ba fassara da ake jingina wa Xuanzang. Idan kalmar sirri ce irin ta tsafe-tsafen karatu da ake kira dharani, a bar ta. Idan tana ɗauke da ma'anoni da yawa, kamar bhagavat da aka ce tana da shida, a bar ta don kar a ɗauki ɗaya a zubar da biyar. Idan abin babu shi a Sin, kamar bishiyar jambu, a bar ta. Idan magabata sun riga sun saba da sautin, a bi su. Na biyar kuma saboda kwarjini, prajna idan aka ce 般若 tana da nauyi a zuciya, idan aka ce zhihui, hikima, sai ta yi sauƙi kamar maganar kasuwa. Ni na biyun nan da na biyar nake ganin sun fi ƙarfi, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin, mu ma ai salla da zakka da tauhidi ba mu fassara su ba.

Waɗanda aka fassara ma'anarsu fa, akwai waɗanda ake ji a yau?

Su ne ma suka fi yawa, kuma su ne ba a gane su don sun zama 'yan gida. 世界, shijie a Sinanci sekai a Japananci, wato duniya, masu fassarar nan ne suka haɗa ta don loka-dhatu. 因果 yinguo, sanadi da sakamako. 地獄 diyu, kurkukun ƙasa, don naraka. 業 don karma, daga nan Japanawa suka sami jigo jitoku, abin da mu za mu ce abin da ka shuka shi za ka girba. Masanin Sin Liang Qichao ya taɓa nuna cewa wani ƙamusun addinin Buddha da aka yi a Japan ya tara kalmomi sama da 35,000, kuma ya ce masu fassara ne suka ƙera su tsawon ƙarnoni.

Wadda ta fi yin tafiya mai nisa ita ce 方便 fangbian. An yi ta ne don upaya, dabarar malami ta yi wa kowane ɗalibi bayani daidai hankalinsa. Yau a Sin ma'anarta sauƙi, taliyar leda irin ta minti biyu fangbianmian ake ce mata, kuma idan mutum zai zagaya cikin ladabi sai ya ce zai je fangbian. Japanawa kuwa sun riƙe wani abu na tsohuwar ma'anar a karin maganarsu uso mo hoben, wai ƙarya ma wani lokacin dabara ce.

Zen kalmar Japananci ce ko kuwa?

Furucin na Japan ne, kalmar ta Indiya ce. Dhyana, nutsuwar tunani a zaune, a Pali jhana, an rubuta ta 禪那 channa, aka datse ta koma 禪 chan kamar yadda muka gani a tambayar gajarcewa. Ɗarikar da ta ɗauki zaman nutsuwar nan ginshiƙi sai aka kira ta Chan, Koriya Seon, Biyetnam Thien, Japan Zen. Ta kafu a Japan a ƙarshen ƙarni na 12 da cikin na 13 ta hannun Eisai da Dogen, kuma duniya ta san ta da sunan Zen ne don ta rubuce-rubucen D. T. Suzuki Turawa suka fara saninta a ƙarni na 20. Wanda ake cewa ya kawo ɗarikar Sin, Bodhidharma, shi ne Daruma na Japanawa, ku duba tambayar kalmomin yau da kullum.

Yaushe suka shiga Japan, kuma me ya sa karatun haruffansu ya bambanta da wanda aka koya mana a aji?

Sarkin Baekje ta Koriya ne ya aika wa fadar Japan gunki da littattafai, wasu majiyoyi sun ce 538 wasu 552. Furucin Sinanci da ya zo a wancan zangon ana kiransa go-on. Daga baya a ƙarni na 7 zuwa na 9 ɗalibai suka dawo da furucin birnin Chang'an, kan-on, fada ta so kowa ya koma kansa amma gidajen ibada suka riƙe tsohon. Shi ya sa 経 a kalmar tattalin arziki kei ce, keizai, amma a littafin addini kyo ce.

Kukai, wani sufin Japan, ya je Sin a 804 ya dawo a 806, ya kafa ɗarikar Shingon, sunan ma fassarar mantra ce, magana ta gaskiya. Ta wurinsa da sa'o'insa rubutun Indiya mai suna Siddham ya kafu a Japan, suna ce masa bonji, har yau ana rubuta shi a allunan maƙabarta da layu alhali a Indiya an daɗe da barinsa. Kuma jerin kana da kuka haddace, a i u e o, sannan ka sa ta na ha ma ya ra wa, tsarin jerin baƙaƙen Sanskirit aka bi, wasula a gaba, sai baƙaƙe daga maƙogwaro a taho zuwa leɓe.

Waɗanne ne ake ji a bakin Japanawa kullum ba tare da sun san asalinsu ba?

Nan fa kasuwa ta ci. Danna, yadda mace ke cewa maigidana ko ɗan kasuwa ke kiran mai saye, daga dana ce, kyauta, da danapati, mai ciyar da gidan ibada. Wanda ke fitar da kuɗi ya zama maigida ke nan. Shari, shinkafar da ke ƙarƙashin kifin sushi, ana danganta ta da sharira, ƙananan fararen ƙasusuwan Buddha da aka adana bayan ƙona gawarsa, wasu kuma na haɗa ta da shali, shinkafa a Sanskirit. Setsuna, ƙiftawar ido, daga kshana, Sinawa chana. Naraku daga naraka, yau sunan ramin da ke ƙarƙashin dandamalin wasan kabuki ne. Shaba daga saha, duniyar haƙuri da wahala, fursunoni suka mayar da ita sunan duniyar waje da suke begen komawa. Zanmai daga samadhi, zurfin nutsuwa, a ce dokusho zanmai ga wanda ya dulmiya cikin karatu. Ogesa, ƙarin gishiri, daga kesa ce, mayafin sufi, kashaya. Shuraba, wurin da rigima ta kaure, daga asura masu yaƙi. Idan za ka shiga gidan mutum ka ce ojama shimasu, jama ɗin nan tana ɗauke da Mara, mai hana nutsuwa. Unguwar Gion ta Kyoto ma gajeren sunan lambun Jetavana ne na Indiya.

Biyu daga ciki ido ke ganinsu. A maƙabartar Japan bayan dutsen kabari za ka ga dogayen alluna sirara na katako a tsaye, samansu an yi musu yanka-yanka hawa biyar, da rubutun tawada baƙa, iska na kaɗa su suna ƙwanƙwasar juna. Sunansu sotoba, wato stupa, ginin nan mai tudu na Indiya ne ya ƙanƙance ya zama allo. Sai daruma, jar 'yar tsana mai zagaye ba hannu ba ƙafa, ana sayen ta idanu farare fat, ka zana ido ɗaya ranar da ka ƙulla niyya, jarrabawa ce ko zaɓe ko sana'a, ɗayan sai ranar da buƙata ta biya. Garin Takasaki ya shahara da yin su. Mutum-mutumin ƙanƙara ma yuki-daruma suke ce masa.

Da gaske an ƙirƙiri sababbin haruffa saboda waɗannan kalmomin?

Ƙwarai. 塔 an ƙera shi ne don stupa, aka sa masa alamar ƙasa a gefe. Hasumiyar Dayan ta Xi'an da aka gina a 652 don ajiye littattafan da Xuanzang ya kawo "ta" ake ce mata, amma yau hasumiyar Eiffel ma "ta" ake ce mata, fitilar gaɓar teku dengta, dalar Masar kuma jinzita. 魔 mo an yi shi don Mara, da can da harafin niƙa mai alamar dutse ake rubutawa, ana cewa Sarki Wu na daular Liang, wanda ya yi mulki daga 502 zuwa 549, shi ya sa aka musanya dutsen da alamar fatalwa. Daga nan aka sami moshu, siddabaru, da maho da akuma na Japananci da masu kallon katun ɗinsu ke ji kullum.

Wai kamfanin kyamara na Canon sunan wani abin bauta ne?

Asalin sunan daga can yake. Kyamarar gwaji da suka yi a 1934 Kwanon aka sa mata, sunan Kannon, wadda Sinawa ke kira Guanyin, daga baya aka gyara rubutun ya koma Canon. Ita Guanyin fassara ce, mai lura da sautuka, wato koken masu kuka, don bodhisattva Avalokiteshvara. Xuanzang bai yarda da wannan fassarar ba ya kawo Guanzizai, amma bakin jama'a ya riga ya kama tsohuwar. A Indiya siffar namiji ce, a Sin sannu a hankali ta koma ta mace.

Na karanta 般若 "banruo" malama ta ce ba haka ba ne, me ya faru?

Ni ma ya same ni, na karanta 南无 "nanwu" a gaban aji yadda haruffan suke a ƙamus, malamarmu ta ɗaga hannu ta zo ta rubuta namo a ƙasansa da jan alli, ta ce wannan ba kudu ba ce ba kuma babu ba ce, gaisuwar girmamawa ce ta Indiya. Namas ce, tushe ɗaya da namaste da muke ji a finafinan Indiya. Wasu kalmomin an riƙe musu furuci na musamman da ya fi kusa da tsohon, 般若 bore ake cewa, 南无 namo, Japanawa hannya da namu. Abin da ya sa haka yana cikin amsar tambayar Fo. Waɗannan sai hadda, ba su da yawa.

Na ji an ce baka, wawa, da kawara, tayil ɗin rufi, su ma Sanskirit ne?

Waɗannan ku riƙe su sako-sako. Akwai masu cewa baka daga moha take, ruɗu, akwai masu kawo wasu asalai daban, masana ba su haɗu a kai ba. Kawara ana danganta ta da kapala, kuma gaskiya ne masu yin tayil sun zo daga Baekje a 588 don gina gidan ibadar Asuka, amma dacewar tarihi ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Bambancinsu da su danna da setsuna shi ne waɗancan ana iya bin su a rubuce daga nassi zuwa nassi.

Ni Musulmi ne, idan ina amfani da waɗannan kalmomin akwai matsala?

Hukunci na malamai ne, ni ɓangaren harshe zan faɗa. Kalmomi irin su shijie da chana da fangbian da danna sun daɗe da fita daga gidan ibada, ba yadda za ka yi Sinanci ko Japananci ba tare da su ba. Musulmin Sin da kansu da su suke magana, fassarar Alƙur'ani ta Ma Jian da ta fito cikakkiya a 1981 ta yi amfani da 世界 a Fatiha wajen fassara Rabbil alamin, ta kuma kira Shaiɗan 恶魔 emo, da harafin nan da aka ƙera don Mara. Amma a wajen wuta ya zaɓi 火狱 huoyu, kurkukun wuta. Abin da ya bambanta shi ne lafuzzan ibada kamar namo Amituofo ko namu Amida butsu, waɗannan kira ne ga abin bautarsu, ka san ma'anarsu don ka gane idan ka ji, ba gaisuwa ba ce da za ka ara.

Ta yaya zan gane kalmar aro ce idan na gamu da ita a rubutu?

Alama ta farko, ka duba haruffan ɗaya-ɗaya a ƙamus ka ga haɗuwarsu ba ta ba da komai. Ta biyu, akwai haruffan da masu fassara suka fi ɗauka don sauti, 阿 a, 摩 ma, 羅 ra ko la, 陀 da, 婆 ba ko va, 迦 ka, 伽 ga, 尼 ni, idan ka ga biyu ko uku a jere to mai yiwuwa daga Indiya take. Daga nan kar ka tsaya kan furucin Mandarin, nemi na Japananci ko na Koriya ka faɗa da ƙarfi. 釋迦牟尼 a Mandarin Shijiamouni ce, a Japananci Shakamuni, ga Shakyamuni ta fito. 閻魔 Enma ce, Yama mai hukunta matattu, wanda ake tsorata yaran Japan da shi cewa zai zare harshen maƙaryaci. Ku gwada da 曼荼羅 da 夜叉 da 阿修羅, Japanawa na karanta su mandara, yasha, ashura.